Ki Kira Shi Kafin Ya Shiga Teku

Vénissieux, Lyon

Zuwa ga Yayata Hajiya Sabuwa, a Birnin Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da yara da duk mutanen gida. Allah ya ƙara miki lafiyar ƙafar nan, ya jiƙan Malam, ya kai haske kabarinsa. Mu nan lafiya lau. Maigidan yana nan yana fama da aikinsa na sito, ni ma ina ta hawa da sauka, don asansar, na'urar hawa benenmu, ta sake lalacewa. Malam Sabo zai tashi daga Paris zuwa gida, shi na ba takardar da ɗan man zafi. Na roƙe shi ya karanta miki da kansa, ku biyu kawai, kada a ba ɗanki Salisu.

Yaya, maganar Munzali ce, kuma yau sai na faɗi sunansa ko ranki bai so ba. Na san tun da kika haife shi ba ki taɓa kiran sunan ba, saboda kunyar ɗan fari. Ko ranar da kika ba ni riƙonsa zan taho da shi Faransa, cewa kika yi ga ɗanki nan, kika juya kika shige ɗaki. Ban taɓa ganin laifinki ba, haka Inna ta yi wa Yaya Babba har ta koma ga Allah. To amma yanzu kunyar nan tana neman ta jawo mana abin da ba mu iya ɗauka.

Ya sayi biye, wato tikitin jirgi, shi da abokinsa Ilyes, wani yaro Balarabe da suke aiki tare a Paris. Bayan babbar Sallah za su tafi wakansi, wato hutu, Zanzibar, wani tsibiri can cikin teku. Ya nuna mini hotuna a waya: farin yashi, bishiyoyin kwakwa, otal a bakin ruwa, masunta da jiragensu na katako. Wallahi wurin da kyau. Da kwanciya a yashi da kamun kifi kaɗai zai kai su, da ni ce mai shirya masa jaka. Amma nutso za su yi. Ana kai su tsakiyar teku a jirgi, a ɗaura wa mutum tulun iska a baya, ya ciji wata roba yana numfashi da ita, ya sauka ƙasa inda ya fi rijiyar gidanmu zurfi, wai don ya kalli kifi. Kifi fa, Yaya! Wanda ake sayarwa tuli a kasuwar Guillotière.

Ke kin san abin da ya sa hankalina ya tashi. Ina wurin lokacin da tsuntsu yake bugun yaron nan yana ƙarami. Ni nake riƙe ƙafafunsa, ke kina tofa masa addu'a, idanunsa sun juye, bakinsa na kumfa. Ya daina kafin mu taho, muka yi hamdala. To makon jiya ya zo daga Paris da Ilyes, na tuƙa musu tuwo da miyar kuka. Yana cikin ba ni labarin tafiyar sai ya tsaya cak, loma a hannu, ido a kafe, bakinsa yana motsi kamar mai tauna. Na kira shi, shiru. Miya ta bi hannunsa har gwiwar hannu. Can ya dawo ya ci gaba da maganarsa daga inda ya tsaya, har yana tambayata me ya sa nake kallonsa haka. Ilyes ya ce gajiya ce, wai a wurin aiki ma yakan yi haka. Yakan yi haka! Tuwon da ban ƙara ci ba ke nan.

Na samu maƙwabciyata Brigitte, wadda ta yi aikin asibiti har ta yi ritaya, na kwatanta mata. Ba ta ɓoye mini ba. Ta ce ita ba likita ba ce, amma wannan ya yi kama da farfaɗiya, dole a auna shi. Ta ce in abin ya zo masa a ƙarƙashin ruwa, robar za ta fita daga bakinsa, ya shaƙi ruwa, kuma kafin a hauro da shi an makara. Na san kin tsani kalmar nan, na san kina tsoron a ji a gari a guje wa ƙannensa mata. Ni ma da ƙyar hannuna ya rubuta ta.

Na zaunar da shi na faɗa masa. Da yake Hausarsa ta yi rauni, sai na juya da Faransanci, na ce tsuntsu ya buge shi yana yaro. Yaya, dariya ya yi har da riƙe ciki, yana tambaya ko tantabara ce ko shaho. Ya ce Tata, haka yake kirana, ta cika tsoro, ita ce ta hana shi zuwa pisin, wurin iyo, da ƴan makarantarsu, yanzu kuma ta ƙago tsuntsu. Ya ce ya riga ya ga likita don tafiyar, an tambaye shi ko ya taɓa faɗuwa ko suma, ya ce a'a, aka sallame shi. Ba ƙarya ya yi ba, bai tuna ba. Da na matsa, sai ya ce bari ya tambayi wadda ta haife shi.

Kin tuna wayar da ya yi miki ran Juma'a? A gabana ya yi ta. Kina jin muryarsa kika miƙa wa Salisu, kamar kullum. Ya ce a tambaye ki ko ya taɓa wani ciwo mai tsanani yana ƙarami. Muna ji daga nesa kika ce a gaya wa ɗan Zuwaira lafiyarsa lau, Allah ya kiyaye hanya. Ni na san kunya ce ta yi magana, uwa ba ta zama tana ba da labarin jinyar ɗan farinta a gaban ƙaninsa. Shi bai san haka ba. Nan ya tashi, inda in uwa ta ce lafiya lau, to lafiya lau ne. Ya kashe waya, ya sumbaci goshina, ya ce magana ta ƙare. Ya koma Paris da takalman roba irin na agwagwa a cikin jakarsa.

Na yi kuka, na yi fushi, na sa maigidan ya yi masa magana, duk a banza. Saura ke kaɗai. Ina tsoro, Yaya, tsoron da ban taɓa ji ba tun da na zo ƙasar nan. Don Allah, don darajar iyayenmu, ki karɓi wayar Malam Sabo, ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa, ki kira shi da kanki. Ki faɗa masa abin da idonki ya gani, ki ce ya koma wurin likita ya faɗi gaskiya, ki ce ba ki yarda ya nutsa ba. Bai taɓa jin kin yi masa magana kai tsaye ba, na rantse ranar da ya ji ba zai iya tsallakewa ba.

Ki gaishe mini da Yaya Babba da iyalinsa, da Gwaggo Dije, da Salisu da ƴan matan, da maƙwabta duka. Maigidan yana gaishe ki da kyau.

Ki yafe mini in na yi miki rashin kunya. Amma in ba ki kira sunan nan yanzu yana ji ba, ina tsoron ranar da mutane za su cika gidanki suna ta faɗinsa a gabanki, suna cewa Allah ya jiƙansa.

Ƙanwarki mai jiran amsa,
Zuwaira