Zuwa ga Ɗan Takarar da Aka Manna a Bangon Gidanmu

Zuwa ga Mai Girma, Mai Daraja, Mai Alfarma, fitilar matasan Jimeta da kewayenta, garkuwar marayu har da waɗanda iyayensu ke raye, ma'abocin murmushin da ya mamaye kowace falwaya tun daga bakin gada har ƙofar kasuwa, ɗan takarar kujerar mazaɓarmu a majalisar dokokin jiha, Honorabul Salihu, wanda kafin saukowar wannan ɗaukaka ake kira Hamma Sali a gidanmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, wadda aka wanke, aka goge, aka fesa mata turare domin ta dace da shiga gabanka, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da tawagarka da motocinka da lasifikokinka.

Ni ne Usmanu, wanda kake kira Manu, ɗan ƙanin mahaifinka, abokin kwananka a ɗakin ƙofar gida shekara da shekaru. Na gabatar da kaina ne saboda an shaida mini cewa manyan mutane ba su karanta saƙonninsu da kansu. Saboda haka duk wanda aka ɗora wa nauyin duba wannan shafi a madadinka, ina roƙonsa ya isar, ladansa na wajen Allah.

Ban zaɓi rubuto maka a bainar jama'a don son a sani ba. Na bi dukkan matakan da tsarin mulki ya tanada. Na kira wayarka, wani mai murya irin ta masu karanta labarai ya ce Honorabul yana mitin. Na sake kira, ya tambaye ni daga wace ƙungiya nake. Na ce daga ɗakin ƙofar gida. Ya ce bai san da wannan ƙungiyar ba, amma mu kawo sunayen shugabanninmu. Na taka har ofishin kamfe, na zauna a benci tare da wakilan 'yan Keke Napep da na masu sayar da kifi. Da yamma ta yi, aka ba kowannenmu hula hana-sallah mai ɗauke da fuskarka, aka ce mu ci gaba da addu'a. Na dawo gida ɗauke da kai a bisa kaina, ban gan ka ba.

Ba zan yi butulci in ce an raba mu gaba ɗaya ba. Masu manna fasta sun yi mana adalci, sun liƙa ka a bangon gidanmu, daidai gefen tagar ɗakinmu. Dada, mahaifiyata, takan tsaya idan za ta fita unguwa, ta ƙura maka ido, ta ce, "Wannan hasken ba na Sali ba ne, ƙara masa aka yi." Ni kuwa nakan gaishe ka da safe. Kana amsawa da murmushi iri ɗaya kullum, wanda ya fi abin da nake samu ta waya.

Ranka ya daɗe, ka ba ni izini in tuna maka wani abu da ba a rubuta a ƙarƙashin hoton ba.

Shekarar da aka gudo daga Mubi, ka iso gidanmu da ƙafafu a kumbure, da riga ɗaya a jikinka. Kana karatu a can, kana yi wa ɗalibai aski don ka sami na sabulu. Ka ce lokacin da harbi ya tashi kana tsakiyar yi wa wani aski, ba ka san kana riƙe da kilifa, injin askin, ba sai da kuka hau duwatsu, ka ga wayarta a naɗe a hannunka. Ita kaɗai ka fito da ita. Bappa, mahaifinka, da ke da shago a kasuwar can, bai iso ba. Mun jira shi a tasha, mun jira shi a gida, har muka daina faɗin cewa jira muke.

Bayan ka ɗan warware, gashinka ya taru, na kai ka shagon aski a bakin titi. Mai askin ya yafa maka ƙyalle, ya zagaya bayanka, ya kunna inji. Sai ka miƙe. Ka fita da ƙyallen a wuyanka, ka tsaya a tsakiyar rana kana haki kamar wanda ya yi gudu. Ban tambaye ka abin da ka gani a hanya ba, har yau kuma ban tambaya ba. Na dai mayar wa mutumin ƙyallensa, na ce masa zazzaɓi ne.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya ka fito da kilifar, ka miƙo mini, ka zauna a kan turmin Dada da aka kifa a tsakar gida. Ka ce, "Kai dai na san tafiyarka, tsaya a bayana." Wannan shi ne naɗin sarauta mafi girma da aka taɓa yi mini, kuma na fara mulkina da ɓarna. Na haƙa maka rami a bayan kunne wanda sai da ka yi makonni kana sauko da hula a kansa. Ba ka yi faɗa ba. Da ka karɓi injin ka ce in zauna, sai ka haƙa mini irinsa a wuri ɗaya, ka ce yanzu an yi adalci.

Daga nan ta zama doka. Kowace Juma'a da hantsi, ni in yi maka, kai ka yi mini. Matsalar ita ce wuta. Da mun ji firijin maƙwabta ya yi ƙara, ko muna cin abinci sai mu watsar mu ruga. Sau da yawa akan ɗauke ta an aske rabin kai an bar rabi, mu danna huluna mu tafi masallaci, mu tsaya a layin bincike a ƙofa muna addu'ar kada jami'in tsaro ya ce a cire hula. Akwai ranar da ya ce a cire. Ya dubi kanka, ya dubi nawa, ya ce mu wuce, abin da ya same mu ya ishe mu.

A lokacin gari ba daɗi. An hana babura, ana rufe hanya tun rana ba ta faɗi ba, kowa na kallon jakar kowa. Amma ni idan na tuna shekarun, abin da ke fara zuwa mini shi ne ƙeyarka a gabana, da yadda kafaɗunka ke saukowa a hankali idan na ɗora hannu a kanka. Ban taɓa gaya maka ba, nakan yi tari kafin in zagaya bayanka don ka san ni ne.

Ka tuna lokacin da muke haye gada zuwa sansanin 'yan gudun hijira da ke wajen Girei, muna duba fuskoki ko za mu ga Bappa? Ba mu gan shi ba. Amma ka ga yara da gashi ya cukurkuɗe, washegari ka koma da kilifa, ka roƙi mai cajin waya ya ba ka wuta daga janaretonsa. Kai kana aski, ni ina riƙe da waya kada ta tsinke. A wurin ne iyaye suka fara kawo maka kukansu, kana kai wa ma'aikata, kana dawowa da amsa. Masu rubuta tarihinka a fasta sun ce an haife ka da kishin al'umma. Ni shaida ne cewa a kan kawunan yaran nan ka same shi, kuma ina alfahari da hakan fiye da yadda wannan wasiƙa za ta iya ɗauka.

Makon jiya na je taronka a filin makarantar unguwarmu. Zafin Yola na wannan wata ka san shi, amma mutane sun cika. Na sami wuri a gefen dandamali, inda nake hango ka ta baya. Hamma, mutane ne tsaye a bayanka, sun fi a ƙirga. Wani na gyara maka babbar riga, wani na raɗa maka magana a kunne, wani ƙato da baƙin tabarau ya dafa kafaɗarka. Ba ka ko waiwaya ba. Ka ci gaba da bayani a kan ruwan famfo da magudanar da ke cika unguwa duk damina.

Na yi hamdala, Allah ya sani. Abin da muka daɗe muna roƙo ke nan, ka warke. Sai kuma idona ya sauka a ƙasan hularka, na ga layin askinka ya fita tsaf, an zana shi kamar da alƙalami. Hannun gwani ne, ba nawa ba. Ina tsaye cikin masu tafi na gane an sauke ni daga muƙamina ba tare da sanarwa ba. Na tafa tare da su. Na dawo gida a ƙafa, ko da yake akwai kuɗin Keke a aljihuna.

Ɗakin yana nan yadda ka bar shi. Katifarka na jingine da bango, ban shimfiɗa ta ba, ban kuma fitar da ita ba. Abin da ya fi mini wuya shi ne Juma'a. Idan aka kawo wuta da hantsi, har yanzu jikina na zabura, in miƙe da sunanka a bakina. Sai in tsaya a tsakar gida, firijin maƙwabta na ƙara, Dada na kallona ta ƙofar kicin. Wuta ma yanzu ta fi zama ranar Juma'a, kamar da gayya.

Na san abin da mai amsa wayarka zai ce: Jimeta cike take da masu aski. Gaskiya ne, kuma na je. Na zauna a benci, layi ya zo kaina, na ce na manta wani abu a gida. Ba tsoron inji nake ba. Gani nake ranar da wani ya tsaya a bayana, shi ke nan, an rufe wannan babin, kai kana da naka mai aski, ni ina da nawa, sai dai mu riƙa haɗuwa a wurin ɗaurin aure muna musabaha da hannu biyu. Saboda haka nakan tsaya gaban madubi in rage gaba da gefe da kaina. Bayan kuwa, inda idona ba ya kaiwa, na bar wa Allah.

Kada ka ɗauka ina adawa da takararka. Ƙuri'ata taka ce, da ta Dada, da ta duk wanda ya taɓa cin tuwon gidanmu. Sai dai idan na ɗaga hannu zan roƙa maka nasara, zuciyata kan ɗan yi nauyi, domin na ga yadda takara kaɗai ta yi da kai, ban san yadda kujerar za ta yi ba. Duk da haka ina roƙon, kuma ga shi a rubuce don jama'a su shaida.

Allah ya ba ka kujerar nan idan alheri ce gare ka da mutanen da suka tsaya cikin rana dominka. Allah ya tsare ka daga masu yabon da ba su san ka da ƙafa a kumbure ba. Allah ya sa waɗanda ke tsaye a bayanka masu amana ne. Allah ya jiƙan Bappa idan ya riga mu, ya dawo mana da shi idan yana wani wuri. Amin.

Yanzu, Mai Girma, sai ainihin maƙasudin wannan doguwar takarda, domin duk abin da ya gabata shimfiɗa ce.

Akwai wata yarinya a Girei, sunanta Hauwa, malamar firamare ce. Kai ya kamata ka fara ji, a ɗaki, ba a nan ba, amma kana mitin. Magana ta yi nisa, ranar Lahadi bayan la'asar zan je gaishe da mahaifinta a karon farko. Ma'aikacin jami'a ne, an ce mutum ne mai lura da ƙananan abubuwa. Kai ma ka san yadda ake gaida suruki: a cire takalmi, a durƙusa, a sunkuyar da kai, ba a ɗagowa har a tashi. Ma'ana, bawan Allah nan ba zai ga fuskata ba, ba zai ga gaban da na gyara a madubi ba. Tun daga sallama har sallama, abin da zai yi ta kallo shi ne ƙeyata. Ƙeyar kuwa a halin da take ciki, Dada ta ce ta zama dajin da ko akuya sai ta yi tunani kafin ta shiga.

Saboda haka nake miƙa ƙoƙon barana, cikin ladabi da biyayya: ka zo ka gyara mini ƙeya. Ba kwangila nake nema ba, ba muƙamin mai ba da shawara ba. Aikin bai kai tsawon jawabinka na maraba ba. Kada ka turo gwanin da ke yi maka, ba zan zauna masa ba. Kada ka zo da jiniya, ka bar masu baƙin tabarau a bakin titi, lungunmu ba ya ɗaukar mota.

Idan ka gama, ka wanke hannu ka raka ni. Ba a zuwa irin wannan gaisuwa mutum ɗaya, dole a sami babba a gefe wanda zai yi magana idan muryar yaro ta maƙale. Hauwa ta tambaye ni wa zai zo da ni, na ce yayana. Ban tanadi wani ba.

Naka mai biyayya, a durƙushe tun kafin Lahadi,
Manu,
ɗakin ƙofar gida, Jimeta.