Tsaron da Na Ji a Rediyo

Dakoro, ranar Laraba

Zuwa ga ɗiyata Haula, a ƙasar Indiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan karatunki da malamanki. Mu nan lafiya lau, sai haƙurin da Allah ya ɗora mana. Yau kwana hamsin da biyu da rasuwar babanki. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa. Ina cikin takaba, iyakata ƙofar gida. Yayarki Balkisu tana zuwa kullum da hantsi, ta share tsakar gida, ta yi mini faɗa a kan rashin cin abinci kamar ita ta haife ni. Jaririyarta ta fara haƙori, duk abin da ta samu sai baki. An gama yankan hatsi, gonarmu ta hanyar Adjekoria ba ta ba mu kunya ba, ko da yake wanda ya shuka bai ga damin ba.

Na ji saƙon muryar da kika turo a salular Balkisu, sau huɗu na sa ta maimaita mini. Na so in ba ki amsa da baki, amma duk lokacin da ta danna mini sai murya ta ƙi fita. Shi ya sa na ɗauko bik da takarda. Kin san karatuna a aji shida na lakwal ya tsaya, in kin ga kuskure ki wuce. Balkisu za ta ɗauki hoton takardar ta tura miki yau, don na ji kin ce ranar Litinin za a rufe karɓar takardun tafiya. Kin ce za ki mayar musu da takardar zuwa Japon ba tare da kin sa hannu ba, ki tattara kayanki ki dawo gida, don kada ki tsallake maganata, kuma don kada in zauna ni kaɗai. A kan wannan nake so ki saurare ni.

Kin tuna da damina kika kira kina murna, kika ce an zaɓe ki cikin ɗalibai shida da za su je Japon wata takwas koyon aikin ruwa, saboda zumuncin da ke tsakanin Indiya da Japon. Abin da ba ki sani ba, a makon nan ɗin na ji labari a rediyon babanki ina tankaɗe. Aka ce Indiya da Japon suna ƙara ƙulla zumunci a kan ciniki da tsaro, har jiragen ruwan sojojinsu suna atisaye tare. Wallahi Haula, cinikin bai shiga kunnena ba. Tsaro kaɗai na ji. Ke ma kin san abin da tsaro yake nufi a wurinmu shekarun nan. Kawunki Abdulhakim, ƙanena da na goya a bayana, aikin tsaro aka ce mana ya tafi yi yamma, jakarsa kaɗai aka kawo mana. Sai na ga kamar su ma yara suke nema, an biyo da ku ta hanyar karatu. Shi ya sa na tsaya gaban turmi na faɗa miki a waya cewa in kika taka Japon ban yarda ba, ban kuma sa albarka ba.

Babanki yana zaune a tabarma lokacin. Ya ce mini ba irin wannan tsaron ba ne, na ce masa ni tsaro ɗaya na sani. Ya tashi ya ɗaure kayan aikinsa a bayan moto ya tafi gyaran famfo. Bai sake tada maganar ba, ni kuma na ɗauka ya bi bayana. Shekara talatin da ɗaya muna tare, ya kamata a ce na san shirunsa.

Sai da ya rasu na gane. Ranar sadakar uku mata suka zo daga Bader Goula, waɗanda ba su san shi da wani suna ba sai Mai Indiya, saboda famfon hannun nan da kowa ke ce wa Indiya wanda yake gyara musu. Bayan addu'a wata tsohuwa ta dafa ni ta tambaye ni yaushe ɗiyar za ta Japon. Na zaci ban ji daidai ba. Washegari mutanen Adjekoria suka zo, su ma tambayar ke nan. Har matar mai shayin tasha ta ce mini maigidanta ya haddace sunan garin da za ki sauka, saboda yawan jin sa. Ashe duk rijiyar da babanki ya kwance sai ya ba su labari. Ni da nake ba shi tuwo ni kaɗai ce ban san an gama shelar tafiyarki ba. Na ji haushi ranar, na yi kuka, na kuma yi dariya, duk a zama ɗaya.

Ranar Juma'ar da ta wuce Samba ya zo, Bafulatanin nan na wajen Azagor, dogo, mai kawo mana man shanu. Bai samu labarin rasuwar da wuri ba. Ya zauna ta bayan danga muka gaisa, sannan ya ba ni labarin zuwan babanki na ƙarshe wurinsu. Ya ce bayan sun fiddo bututun famfo sun jera a ƙasa, sai babanki ya ɗauki tsinke ya zana musu teku a rairayi. Ya nuna musu Japon can gefe, ya ce ƙasa ce mai injuna da ilimi amma man da take ƙonawa ta ruwa yake zo mata daga nesa. Ya nuna musu Indiya zaune a bakin hanyar, mai mutane ba iyaka, mai son injunan. Ya ce dukansu da ƙuri'a suke zaɓen shugabanninsu, shi ya sa ba su jin tsoron juna. Sannan ya ce musu tekun nan burtali ne, irin wanda shanu ke bi tsakanin gonaki. In maƙwabta biyu suka yarda su sa ido kada wani ya toshe burtali, wannan ma tsaro ne. Samba ya ce nan take ya gane, sai ya tambaye shi ko uwar ɗiyar ta gane. Wai babanki ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya ce ai a kansu yake koyon yadda zai faɗa, don maganar uwar Haula ta fi ƙarfen famfo tauri, sai ya gama yankan hatsi zai zauna da ni a tsanake.

Da Samba ya tafi na aiki maƙwabciyarmu Naja'atu ta tambayo mini maigidanta, tsohon malaminku na lakwal da kuke ce wa Mushe Kalla. Ya aiko cewa sojojin ruwa gaskiya ne suna atisayensu, amma babu ruwansu da ɗalibai, ba wanda zai ba ki bindiga, littafi da injin ruwa za ki riƙe. Ya ƙara da cewa me ya hana ni tambaya tun da damina, ga shi katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ba zan ce miki na gane duk abin da manyan ƙasashe ke ƙullawa ba, wataƙila akwai abin da su ma suke tsoro. Amma burtali na san shi.

Akwai wata gaskiyar kuma da zan faɗa miki tunda takarda ba ta kallon idona. Ba tsaron kaɗai ba ne. Indiya ma ta yi mini nisa, sai na ji an ce akwai gaba da ita. Da na ji kin ce za ki dawo, zuciyata ta yi tsalle, har na fara tunanin inda zan shimfiɗa miki. Amma takabar nan tawa ce, ba taki ba. In kika dawo za ki zauna gefena muna kallon moton babanki a jingine, wata takwas ɗin su wuce, wata yarinyar ta tafi a madadinki saboda uwarki ta ji rabin magana a rediyo.

Saboda haka jiya bayan la'asar na kira Balkisu da Naja'atu su zama shaidu. Na tsaya gaban turmi, daidai inda na yi waccan maganar, na janye ta sau uku da ƙarfi. Ga shi kuma a rubuce don ki riƙe. Na janye. Na yarda ki je Japon. Na sa miki albarka, tawa da wadda babanki ya riga ya raba wa mutane a bakin rijiyoyi. Ki sa hannu kafin Litinin.

Balkisu da maigidanta suna gaishe ki. Naja'atu da Mushe Kalla suna gaishe ki, ya ce ki nemi rigar sanyi mai kauri. Samba ya ce a gaishe ki da kyau. Ki gaishe mini da yarinyar Maraɗin nan da kuke ɗaki ɗaya, Allah ya saka mata da ta zauna da ke ranar da labari ya same ki.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada ki gaya mini ranar da za ki hau jirgi, kada ki gaya wa Balkisu ma, bakinta ba ya riƙe magana. Sai kin sauka lafiya ki kira ni.

Wassalam. Ni ce mahaifiyarki,
Halimatu Sa'adiya