Yatsa Uku

Naraguta, Jos
9 ga Maris, 1978

Zuwa ga mahaifina,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fatan kana lafiya, ciwon gwiwar nan kuma ya yi sauƙi. Ina gaida Inna da mutanen Ibi gaba ɗaya. Isa, in kai ne mai karanta wa Baba, ka bi a hankali, kada ka haɗiye rabi yadda ka saba.

Baba, maganar kududdufinka ce. Tun ranar da za ka koma gida ka sa na yi maka alkawari ba zan jefa komar da idonta bai kai yatsa uku ba, don ƙanana su wuce su girma. Shekara tara ke nan ban saɓa ba. Amma yau sati uku ina jawo koma sai ruwa kawai ke tsiyaya.

Ba kifin ne babu ba. Karfasan nan da ka ɗauko daga Binuwai a cikin garwa ka zuba a ramin kuza da ya zama kududdufin nan, jikokinsu suna nan fal, sai dai ba sa wuce tsawon ɗan yatsa. Gari ya iso mu. Inda kake shanya koma yanzu gidaje ne da garejin makanikai, kwatarsu duk cikin ruwan take zuba, kuma kowa ya zama masunci. Masu cin abinci a kasuwar Taminus ba sa ƙoshi da kifi.

Wani malamin jami'a, Malam Nnadozie, yakan zo da kwalabe yana ɗibar ruwa. Ya tsaga wata 'yar mitsitsiyar karfasa a gabana, sai ga cikinta cike da ƙwai. Ya ce shekara da shekaru ana kwashe manya, ruwan kuma ya ɓaci, waɗanda ke saurin yin ƙwai tun suna ƙanana su ne suka rage, 'ya'yansu kuma suka gado su. Wato waɗanda nake saki su girma, iyaye ne, sun gama girmansu.

Matata Hasiya kuwa, ina ganin yadda take auna tsaba. Ina roƙonka ka sauke mini alkawarin nan, in saƙa koma mai yatsa ɗaya kamar kowa.

Ɗanka mai biyayya,
Lukuman

Naraguta, Jos
2 ga Yuni, 1978

Zuwa ga mahaifina,

Bayan gaisuwa da fatan damina ta sauka muku lafiya, amsarka ta iso ta hannun direban Ibi. Na karanta ta sau uku. Ka ce kifi ba ya canza halitta, mutum ne ke canza hali, kuma ɗan boko bai isa ya koya wa masunci ruwa ba. Raina ya sosu, ba zan ɓoye maka ba, domin da idona na ga ƙwan nan. Na so a ce gwiwarka za ta bar ka ka hau mota ka zo ka gani. Amma na ji, na kuma bi. Na naɗe komar na rataye ta a zaure.

A gaida Inna.

Ɗanka,
Lukuman

Naraguta, Jos
20 ga Janairu, 1979

Zuwa ga mahaifina,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara saboda dogon shirun da na yi. Yara suna lafiya, Hasiya tana gaishe ka, tukunya kuma ta koma kan wuta kullum, alhamdu lillahi.

Na samu aiki. Wani ɗan kwangila ya sayi filin, zai cike kududdufin ya yi gidajen haya. Da ya ji babu wanda ya san zurfin ruwan kamar ni, sai ya ɗauke ni in riƙa nuna wa direbobin tifa inda za su juye ƙasa. Ruwa ba ya tsami banza, Baba, ka san ba da son raina na karɓa ba.

Kullum ruwan yana matsewa, kifin suna taruwa a ɗan abin da ya saura har bayansu na fitowa. Mata da yara suna kwasa da kwando. Jiya Hasiya ta miƙo mini kwarya in je in kwaso, na girgiza kai, ta mayar.

Oga ɗan kwangila ya ce kafin ƙarshen wata za mu gama. Alkawarinka yana nan, ban kama ko ɗaya ba. Ni ne dai nake ɗaga hannu a juye musu ƙasa.

Ka yi mini addu'a.

Ɗanka,
Lukuman