Ranar da Tsaka Ta Yi Kuka a Tafkin Kenyir

Kuala Berang, Terengganu

Zuwa ga 'yata Rohayu, a Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara miki ƙarfin tsayuwa a kan marasa lafiyarki na asibiti, ya sa aikin ya zame miki sanadin rahama. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Mak ɗinki, uwar gidana, ta warware har ta koma faɗanta na kullum. 'Yarki Ainin tana nan gabana tana cin keropok, soyayyen abin ƙwalaman nan na kifi, ta ɓata mini gefen takarda da mai, ga shatin yatsanta nan. Kada ki goge. Dube shi da kyau, yatsan mai rai ne. Ni kuwa murna ta hana ni zama wuri ɗaya, ina dariya ɗinkin leɓena yana ja, ban fasa ba.

Ɗinkin nan ne ya hana ni yi miki bayani a waya, shi ya sa na ɗauki biro. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san da furfurata na shiga makarantar yamma. Abin da Mak ta gaya miki, wai ɗan zazzaɓi ne ya kama yarinya a yawon tafki, ba haka ba ne. Ke uwa ce, ya kamata ki ji komai.

Kin tuna farar na'urar nan da kika aiko, kika ce duk ranar da za mu hau jirgin hutu mu tafi da ita? Yayanki Razali ya raɗa mata suna Tsaka, saboda tana manne a bango, in an danna ta kuma ta yi cik-cik-cik. Ya ce wai ƙanwarsa ta je ƙasa mai tsarki ta rasa tsarabar da za ta aiko sai ƙadangaren roba. Ni dai na karanta takardarta, don tun da na iya karatu ko buhun taki ba na ƙyalewa. Abin da na riƙe shi ne inji yana fitar da wata iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, sai kuma wani ɗan hoto na mutum yana fita ƙofa da gudu. Da muka hau jirgin, irin mai ɗakunan kwana, na rataye ta a bangon lungun da ke kai wa ɗakin baya.

Mai jirgin wani dattijo ne, Pak Draman, mutum marar yawan magana. Tun da safe suka haɗu da Razali. Yayanki ya kamo kifin kelah a bakin kogin da aka hana kamu, Pak Draman ya zo ya zare ƙugiyar ya mayar da kifin ruwa. Razali ya kira shi tsohon kada, ya ce ko kifin surukinsa ne. Dattijon ya yi ƙunƙuni, ya tofa yawu a ruwa, ya wuce.

Bayan azahar hadari ya taso, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Aka sauke tamfol ta kowane gefe aka ɗaure. Janareta yana ta aiki a bayan jirgi saboda tukunyar shinkafa da na'urar sanyaya ɗaki, iska kuma daga bayan take bugowa. Mak ta ɗauki Ainin suka shiga ɗakin baya su kwanta, ta sa sakata daga ciki, don kin san 'yarki da son leƙen ruwa. Ba a jima ba kaina ya fara sara. Salmiah matar Razali ta yi amai, shi ma ya yi. Sai ya miƙe yana tangaɗi, idonsa ja, ya ce ya gane, santau ne, sammun nan da ake turowa ta iska, kuma Pak Draman ne ya busa mana shi da safe da ya yi ƙunƙuni.

Rohayu, yana rufe baki Tsaka ta fara kuka. Kin san mutanenmu, in mutum ya yi magana tsaka ta amsa daga bango, to gaskiya ya faɗa. Mun yi ta wasa da sunan nan har ya zauna, ga kawuna sun juye, sai wasa ya koma gaske. Salmiah ta ƙwala ihu ta ce ga shi har tsaka ta shaida. Razali ya yi kan Pak Draman. Ya maka masa gindin sandar kamun kifi a fuska, hanci ya fashe, jini ya wanke masa riga. Suka faɗa kan murhu, tukunyar miya ta kife, kwanoni suka watse. Razali ya haye ruwan cikinsa, ya kama wuyansa yana buga ƙeyarsa da katako, yana cewa ya karya sammun ko ya kashe shi. Ni ina zaune, ina kallo.

Sai na ga Pak Draman yana kelaya amai irin namu, idonsa yana juyawa irin namu. Na ce a raina, wane ne zai turo sammu ya zauna ya shaƙa? Kuma tsakar Allah kuka kaɗan take yi ta yi shiru, wannan kuwa ta ƙi tsayawa. Nan take ɗan hoton nan na mai fita ƙofa da gudu ya faɗo mini. Na tuna ɗakin da ya fi kusa da janareta, na tuna su wa ke ciki.

Na rarumi addar da muke gyaran kifi na shiga tsarga tamfol, iska da ruwa suka afko. Razali ya gan ni da adda ya ɗauka sammun ya haukata ni. Ya saki dattijon ya cafke ni ta baya, yana ihu wai Ayah, wato ni babansa, in yi salati. Muka yi ta kokawa, adda ta faɗi, na juyo, goshinsa ya daki bakina, leɓe ya rabe biyu. Na ce masa Ainin, Ainin, amma jini ya cika mini baki bai ji ba. Yaron da rabona da dukansa tun kafin a yi masa kaciya, ranar nan na ɗauki filafilin kwale-kwale na narka masa a kafaɗa da duk ƙarfin da ya rage mini. Ya yi baya, ya bi ta tsagar tamfol, ya faɗa tafki tsundum. Allah ya yafe mini, amma ko waiwaya ban yi ba.

Na isa ƙofa na buga, na kira Limah mahaifiyarki, na kira Ainin, shiru. Na sa kafaɗa, ta ƙi. Na ciro jar tukunyar kashe gobara daga bango na yi ta dukan sakata har katako ya dare, wani tsinke ya shige mini tafin hannu ban ma sani ba sai a asibiti. A daidai lokacin na ji janareta ya mutu. Ashe Pak Draman ne ya ja ciki ya je ya kashe shi. Mahaifiyarki tana kwance a ƙasa, hannunta a miƙe wajen sakatar da ba ta kai gare ta ba. Ainin tana kan katifa kamar mai barci mai daɗi. Na ɗaga ta, kanta ya langaɓe baya. Ban san na iya irin ihun da na yi ba.

Na haura da ita rufin jirgi cikin ruwan sama, ina jijjiga ta, ina kiran sunanta, na kara kunne a ƙirjinta na ji numfashi ɗan siriri. Razali ya hauro daga tafki, ruwa da iska sun dawo masa da hankali, ya shiga ya jawo Mak. Kuma kin san wanda ya kwance ƙaramin jirgin gudu ya kai mu tashar Gawi? Pak Draman, hanci a karye, ido ɗaya a rufe, yana tuƙi yana tofar da jini. Razali yana zaune a ƙafarsa yana kuka kamar yaro, dattijon ya ce masa ya rufa wa mutane baki ya kwashe ruwan da ke shiga jirgi.

A asibiti aka sa mana iskar oksijin gaba ɗayanmu. Likita ta ce kabon monoksaid ne, ke kin fi ni sanin sunan, hayaƙin janareta ne iska ta turo ƙarƙashin tamfol ya rasa hanyar fita. Ta ce yara yake fara kayarwa, kuma da mun ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Mak ta farfaɗo kafin magariba. Ainin kuwa sai da muka yi sallar magariba a bakin gadonta. Ina cikin addu'a na ji an taɓa mini gemu. Na duba, ga idanu biyu a buɗe. Ta ƙura wa leɓena ido, ta ture abin oksijin, ta tambaya wa ya daki Tok Ki ɗinta, wato ni kakanta. Na ce Pak Long ɗinki ne, wato kawunta Razali. Ta ce to ba za ta ƙara ba shi keropok ba. Rohayu, na yi sujada a kan simintin asibiti, na tashi na rungume wani mai shara da ban taɓa gani ba! Likita ta ce mu riƙa kai ta ana dubawa na ɗan lokaci, kuma muna kaiwa, kada ki damu.

Yanzu kullum Razali, da hannunsa a rataye, yana kai wa Pak Draman kunun shinkafa, don har yau ba ya iya tauna. Dattijon ya ƙi kai ƙara. Ya ce ya yafe, da sharaɗin yayanki ya ƙyale masa surukansa na cikin ruwa, kuma a samo masa tsaka ya manna a kowane ɗaki na jirginsa. Razali ya ce shi zai saya, ki gaya mana irin wadda kika aiko, kada ya kwaso ta banza. Mak ta ce ai dama tsaka ba ta ƙarya, mu ne ba mu tsaya mun ji maganar wa take gaskatawa ba. Na ce mata nan gaba in ta yi kuka, a fara buɗe ƙofa a fita, a yi muhawarar a waje.

Mak tana gaishe ki, da Razali da Salmiah, da gwaggonki Mek Esah. Ki gai da abokiyar ɗakinki Norlia. In kin samu zuwa Umra ki sa Pak Draman a addu'a da sunansa. Ainin ta ƙara dangwala yatsa a ƙasan takarda, ta ce sa hannunta ke nan.

Wassalam. Ni ne mahaifinki mai tsagaggen leɓe da farin ciki,

Embong bin Jusoh