Layin Ƙasa na Isuhu

Lahadi da dare, unguwar Minguettes.

Abokina Isuhu ya sauko daga garin Saint-Denis da sabon wasan karta. Poka ce, amma layi biyu ake shimfiɗawa a tsakiya. Wanda ya ci na sama ya ɗauki rabin abin da aka zuba, wanda ya ci na ƙasa rabi. Da ƙwallon dabino muka buga, don Yaya Rabi ta ce ba caca a gidanta.

Na ci na sama da sarakuna uku, shi ya ci na ƙasa. Daidai muka raba, amma Nafisa, yarinyar unguwarmu da ke kallon wasan, shi ta tafa wa.

"Isuhu, koya mini, na ƙasan nan ke rikita ni," in ji ta, ta ja kujera kusa da shi. Shekara biyu ina raka ta tashar taram, jirgin cikin gari, ba ta taɓa matsowa kusa da ni haka ba.

Da na kai shi gar, tashar jirgin ƙasa, ya dafa kafaɗata. "Ɗan'uwa, ba ni lambarta don Allah, s'il te plaît."

Na ce wayata ta mutu. Tana aljihuna, cike da caji. Allah ya yafe mini. Gobe zai kira ni, kuma ban tanadi wata ƙaryar ba.