Kun Karɓe Katina Saboda Na Faɗi Abin da Ya Sami Malam Isa

Zuwa ga Alhaji Shugaba,
Shugaban ƙungiyarmu ta masu maganin gargajiya a nan ƙetaren kogi, Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara da sauran 'yan kwamiti. Ni ce Laraba, wadda kuke kira Maman Rifkatu, mai teburin saiwa da ganye a 'yar kasuwar unguwarmu ta Makera. Ka san ni tun muna aikin masaƙa, kai a sashen rini, ni a sashen zare, kafin a garƙame ƙofa kowa ya koma ga abin da iyayensa suka koya masa. Na san za ka ce me ya kai Laraba jarida alhali ga gidanka a buɗe. Na je gidan naka sau uku. Sau biyu aka ce kana barci, na ukun kuwa ina jin muryarka a tsakar gida aka ce ka yi tafiya.

Ranar Asabar da ta wuce sakatarenka ya kawo mini takarda har gida, an buga ta tsaf, an bar mini wurin sa hannu. Takardar ta ce abin da na faɗa a taron ƙungiya game da Malam Isa tela ƙarya ne, hassada ce ta sa ni, kuma ina neman afuwa. Ya ce in na sa hannu za a mayar mini da katina da kuka karɓe. In na ƙi, an sallame ni. Ka kuma san shugabannin kasuwa sun ce duk mai maganin da ba shi da katin ƙungiya ya kwashe kayansa. Teburin nan shi ne cina, shi ne shana tun da maigidana ya rasu. Duk da haka ba zan sa hannu ba, ga kuma dalilaina.

Na ɗaya. Bara, bayan ƙaramar salla, ka tara mu ka ce duniya ta yi gaba ta bar mu. Ka ce a ƙasashen waje yanzu ba a cewa mai magani, sai dai ɗan naturofati, wato mai yi wa mutane magani da ganye da abinci da ruwa da motsa jiki. Ka kawo mana wani baƙo mai jaka, aka ce babban Dokta ne, ya yi mana bita ta kwana uku a zauren wani otal. Rana ta farko Turanci, rana ta biyu hotunan hanji a bango, rana ta uku ɗaukar hoto. Aka raba mana farar riga da takarda mai tambarin zinare, kowa ya tashi Dokta. Ba zan ɓoye ba, ni ma na karɓa, har na sa rigar na tsaya gaban madubi ina juyi. 'Yata Rifkatu, wadda ta yi shekaru tana karatun nas kuma har yau ba wanda ya kira ta Dokta, ta dube ni ta ce, "Mama, Allah ya sanya alheri, kin riga ni." Na ji kunya na cire na ninke. Ni fa shekara da shekaru na yi ina bin uwata daji a ƙauyenmu kafin ta yarda in jiƙa wa wani magani, kuma abin da ta fara koya mini shi ne cututtukan da ba namu ba, waɗanda ake kai wa asibiti.

Na biyu. Baƙon nan ya zo da na'ura. Mutum zai riƙe wani ƙarfe a tafin hannu na minti ɗaya, sai kwamfuta ta zayyano masa cututtukansa shafi-shafi. Na riƙe. Ta ce ina da ƙari a mahaifa, in fara shan ƙwayoyinsa ba tare da ɓata lokaci ba. Ka gafarce ni da maganar mata a bainar jama'a, amma mahaifata likitoci sun cire ta tun muna masaƙa. Hajiyarka ma ta zo duba ni a asibiti da kular abinci, ka tambaye ta. Na faɗa wa baƙon a hankali don kada in kunyata shi, sai ya ce ai na'urar tana hango wurin da mahaifar take a da. Mutane suka yi ta gyaɗa kai, har da kai. Robobin ƙwayoyin kuwa, rubutun jikinsu ba Hausa ba, ba Turanci ba, ba Larabci ba. Na tambayi abin da ke ciki, ya ce sirrin kamfani ne. Ni duk wanda na ba magani sai na faɗa masa sunan itacen, in kuma kurɓa a gabansa.

Na uku, kuma shi ne ainihin maganar. Malam Isa tela ne a Unguwar Mu'azu, da keken ɗinki na ƙafa yake ciyar da iyalinsa. Yana da ciwon sukari, ya kuma daɗe yana zuwa wajena. Ban taɓa ce masa ina warkar da sukari ba, don ba na warkarwa. Ina dai ba shi ruwan shuwaka da garin zogale, in yi masa faɗa a kan shayinsa mai zaƙi da burodi, in tilasta masa tafiya a ƙasa da safe. Sharaɗina ɗaya ne, ba ya tafiya da komai daga teburina sai ya nuna mini katin asibiti na ga an auna shi ya karɓi ƙwayarsa. Yakan yi dariya ya ce, "Maman Rifkatu, wai ke mai magani ce ko 'yar sanda?"

To akwai wani a cikinmu wanda kafin bitar nan yawo yake yi da lasifika a kan mota yana tallar maganin basir. Ba zan kama sunansa ba, ka san shi, kusa da kai yake zama a taro. Ya sayi na'urar nan, ya kama shago, ya rubuta Dokta da manyan baƙaƙe. Shi ya ce wa Malam Isa ƙwayar asibiti guba ce, ita ke riƙe ciwon a jiki, ya watsar da ita ya sha tasa, cikin wata uku ya rabu da sukari har abada. Mutumin da ya gaji da haɗiyar ƙwaya kullum, a zo masa da wannan magana cikin farar riga, yaya zai ƙi? Ya daina zuwa asibiti, ya daina zuwa wajena.

Cikin damina ƙarfen keke ya yanke shi a babban yatsan ƙafa. Ɗan ciwo ne, amma ya ƙi kamewa. Sabon Dokta ya ce gubar ce ke fita, ya ƙara masa ƙwaya. Sai da ƙafar ta yi baƙi, wari ya cika ɗaki, sannan matarsa Hajara ta zo ta same ni a kasuwa tana kuka. Na rufe teburi muka kai shi asibiti. Likitoci suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Da kunnena na ji likitan yana ce wa Hajara da sun zo da wuri da yatsan kawai za a rasa. Ƙafar dama ce, wadda yake taka keke da ita.

Na huɗu. A nan ni ma ina da laifi, kuma shi ke cin raina. Kai ka san al'adar sana'armu. In majinyaci ya bar ka ya koma wajen wani, ba a bin sa, ba a kuma aibata maganin ɗan'uwa, don kada a ce kana kishin kasuwa. Kun ma rubuta ta a dokar ƙungiya. Tun a watan farko na ji labarin Malam Isa ya bar ƙwayar asibiti. Na san abin da zai biyo baya sarai. Sau biyu na bi ta gaban shagonsa, muka gaisa, ya sunkuyar da kai yana ɗinki, ni ma na wuce abina. Na ce wa kaina ina kiyaye al'ada ne, amma gaskiya har da fushi, don na ji haushin ya bar ni. Da na tsaya na yi masa irin faɗan da na saba, ko na ja Hajara gefe na yi mata magana, da wataƙila yau yana kan kekensa. Na yi shiru, aka yanke masa ƙafa. Wannan nauyi zan je da shi gaban Allah.

Shi ya sa a taron watan jiya na miƙe na faɗi komai daga farko har ƙarshe, har da nawa laifin. Ban zagi kowa ba. Kafin in zauna ka buga tebur ka ce na karya doka ta aibata maganin ɗan'uwa, sakatare ya karɓi katina. Babu mutum ɗaya a zauren nan da ya tambayi yaya jikin Malam Isa. Shi kuma wancan sabon Doktan shagonsa a buɗe yake har yau, mutane na layi suna riƙe ƙarfe.

Na biyar. Tun da da sunan duniya ka kawo mana wannan abu, ni ma na bincika duniyar. Ina sauraron rediyo, Rifkatu kuma ta karanta mini abubuwa da yawa a wayarta. Gaskiya ne mutane a ko'ina suna komawa ga ganye da gyaran abinci, har Turawan da suka taɓa raina mu. Amma ba a ko'ina abin yake iri ɗaya ba. Akwai ƙasashen da sai mutum ya yi shekaru a makaranta, ya ci jarrabawa, hukuma ta ba shi lasisi, ta kuma iyakance masa abin da zai taɓa, in ya yi ɓarna a ƙwace lasisin. A Indiya da Sin maganin kakanninsu a jami'a ake koyar da shi. Akwai kuma ƙasashen da kowa zai iya wayar gari ya kira kansa ɗan naturofati ba mai tambayar sa, kuma can ma mutane suna kuka da masu raba marasa lafiya da asibiti. Likitoci da yawa ma har yanzu suna cewa abubuwa da dama da ake yi da wannan suna ba a tabbatar da amfaninsu ba. Ni ban yi fushi da su ba, a gwada, ai abin kirki ba ya tsoron gwaji. Da ka ce mu bi duniya, sai ka tsallake makarantar da jarrabawar da hukuncin, ka ɗauko mana riga da suna kawai.

Kada wani ya karanta wannan ya ce Laraba ta juya wa maganin gargajiya baya. Da shi na yi renon 'ya'yana. Na ga ya tsayar da gudawa, ya kwantar da kumburin ciki, ya kawo wa mai jego nono. Matan zumuntarmu na coci da matan Islamiyyar layinmu duk teburina suke zuwa. Abin da na ƙi shi ne a lulluɓe sana'ar uwata da farar riga a cuci talaka, sannan a ce in rufe baki don 'yan'uwantaka.

Ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe.

Da farko, a hana kowane ɗan ƙungiya cewa mai sukari ko mai hawan jini ya bar maganin asibiti. Wanda ya yi, shi ya kamata a karɓe wa kati.

Na biyu, a kai na'urar nan da ƙwayoyin nan wajen hukumar da ke da alhakin duba magunguna a gwada su. Kafin sakamako ya fito, a kulle su a ofishinka.

Na uku, a gyara dokar nan ta kada a aibata maganin ɗan'uwa. A bar ta a kan gulma da ƙwacen ciniki, amma in rai ko gaɓar mutum na cikin haɗari, wanda ya yi shiru shi ne mai laifi.

Katina kuwa ban roƙe ku shi ba. In shugabannin kasuwa sun ɗaga teburina, zan shimfiɗa buhu a ƙofar gidana. Na san ciniki zai ragu, na san zan sha wuya, kuma ina jin tsoro, don shekaruna sun wuce na fara sabuwar sana'a. Amma na yi shiru sau ɗaya na ga abin da ya haifar.

Roƙona na ƙarshe a kan takardar ne. Jiya na je duba Malam Isa. Yana zaune a tabarma, an yafa wa keken ɗinkin zane a lungun ɗaki. Da ya ji an karɓe katina, cewa ya yi, "Ki sa musu hannu kawai, Maman Rifkatu, kada ki rasa abincinki saboda ni. Ƙafa dai ta riga ta tafi." Shi da aka cuta shi ke tausaya mini. To, in har kana son sa hannuna, kada ka sake aiko sakatare. Ka ɗauko takardar da kanka ka zo ɗakin Malam Isa, za ka same ni a can. Ka zauna a gabansa, ga Hajara a gefe, ka karanta da ƙarfi inda aka rubuta cewa abin da ya same shi ƙarya ne. In ka iya kai wa ƙarshen takardar, ka miƙo mini biro.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya tsare ka da iyalinka daga ciwon da zai sa ku nemi mai gaskiya ku rasa. Ya ba ka ƙarfin zuciyar gyara abin da ya ɓaci a hannunka, ya ba Malam Isa haƙuri, ni kuma ya yafe mini shiruna.

Wassalam.

Taka a sana'a, ko da kati ko babu,
Laraba, Maman Rifkatu,
Makera, Kaduna.