Ashe Gajeren Zango Ne Ke Zuwa Nesa

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan rubutu zai same ka cikin ƙoshin lafiya. Lambarka ta daina shiga, shi ya sa na rubuta a nan intanet inda jama'a ke gani, ko wani zai isar maka. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san da furfura na shiga aji.

Kayan sautin da ka aiko sun iso Bunkure lafiya, lasifika biyu manya da akwatin ƙara murya. Ranar da aka jona su babanka ya yi ta zagaya su, sannan ya ɗauki tsohuwar rediyonsa mai ɗaurin roba ya ba Sale, mai gadin gonar tumatir. Ya ce mai wannan kaya me zai yi da gwangwani? Sai daga baya muka gane babu rediyo a cikin kayan naka ko kaɗan! Waƙar waya kawai suke yi. Ƙanwarka ta ce sai an sayo wani akwati daban mai kama tasha, tuna suke ce masa.

Da kaina na je shagon kayan lantarki a Kura. Mai shagon ya ajiye mini guda biyu. "Hajiya, wannan FM ne kaɗai, tas kamar mutum yana gabanki. Wannan kuwa har da gajeren zango, sai dai yana shuuu." Na ce ɗana yana can bayan hamada, me zan yi da gajere? Ya buɗe baki zai yi magana, na ce ya naɗe mini na farkon.

Muka yi ta jin Kano raɗau: farashin taki, wa'azi, sanarwar ɗaurin aure. Hankalina kwance.

Sai ranar kasuwa ga Sale da kwandon tumatir, rediyon nan tana lilo a wuyansa. Ya durƙusa ya ce, "Inna, ya muka ji da abin da ya faru a garin da yaron nan yake?" Na ce me ya faru? Ya dube ni, ya dubi lasifikokinka. Wai a rediyon nan ya ji ana ta harbe-harbe, an katse layukan waya, tun kafin waccan kasuwar. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ƙwaryar shinkafa ce a hannuna, ban san sa'ad da ta faɗi ba. Mai gadi a bakin kanal ɗin ban-ruwa ya san halin da kake ciki, ni uwarka ina nan ina jin tallan taki.

Ko mayafi ban gyara ba na koma Kura. Mai shagon ya ce, "Ai abin da na so gaya miki ke nan, gajeren ne ke tsallaka ƙasashe." Don Allah wa ya raɗa masa wannan suna? Ya musanya mini, ya nuna mini inda ake ɗaura wayar eriya a baya, da yadda ake murɗawa a hankali har murya ta fito daga cikin shuuu ɗin. Babanka da kansa ya hau darbejiya ya ɗaure wayar. Tun ranar bai ƙara cin abincin kirki ba.

Yau da hantsi a labarai sun ce motoci sun fara fitowa da mutane daga garin. Na manna kunnena a jikin lasifika. Ba su faɗi sunan kowa ba.

Yaron kirki, ko ba komai a hannunka, ka hau motar. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da mai wayar da za ta shiga, Ya dawo mini da kai da ƙafarka.

Ni ce mahaifiyarka,
ina nan kusa da akwatin.